Asif Kapadia, daraktan da ke tono fim daga tsofaffin kaset

A shekarar 1998, a wani gida da ke unguwar Southgate a arewacin Landan, wasu matasa 'yan shekara 14 na zaune a gindin matakalar bene suna tsotsar alawa mai sanda. Ɗaya daga cikin 'yan matan ce ke bikin zagayowar ranar haihuwarta, an kuma sami wanda ya riƙe 'yar kyamarar gida, hoton na rawa yana karkacewa. Aka fara waƙar taya murna tare, kowa da irin muryarsa. Can sai sauran suka yi tsit, murya ɗaya ta rage, mai kauri mai lanƙwasa, irin ta matan da suka tsufa a waƙar jaz. Mai muryar ita ce Amy Winehouse. Bayan shekara 13 aka fito da gawarta daga gidanta a Camden, tana da shekara 27.

Da wannan guntun bidiyo Asif Kapadia ya buɗe fim ɗinsa mai suna Amy, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci masa kyautar Oscar a farkon 2016. Ba shi ya ɗauki hoton ba, bai ma taɓa haɗuwa da mawaƙiyar tana raye ba. A manyan fina-finai uku da suka yi masa suna, wato Senna da Amy da Diego Maradona, kusan duk abin da ido ke gani wasu ne suka ɗauka tun da daɗewa: 'yan talabijin, abokai, dangi, da masu farautar hoton taurari. Aikinsa shi ne ya bi kaset ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, ya shekara biyu ko uku yana kallo, sannan ya jera su yadda mai kallo zai manta cewa ya riga ya san ƙarshen labarin.

Irin fim ɗin da ake kira dokumentari, wanda babu 'yan wasa a ciki sai abin da ya faru da gaske, yana da tsohuwar al'ada. A zaunar da dattijo a kujera, a haska masa fitila, a jera littattafai a bayansa, ya yi ta bayani, jefi-jefi a sako tsohon hoto don kada mai kallo ya yi gyangyaɗi. Kapadia ya ɗauke kujerar gaba ɗaya. Za ka ji muryar mai ba da shaida, amma ba za ka ga fuskarsa ta yau ba. Idonka na can a shekarar da abin ke faruwa, ba a dawo da kai ba sai an gama.

An haife shi a 1972 a Hackney, wadda a lokacin unguwar talakawa ce da baƙin haure a Landan. Iyayensa Musulmi ne 'yan asalin jihar Gujarat ta Indiya, shi ne auta cikin 'ya'ya biyar. Ba gidan fim ya tashi ba. Ta ƙofar baya ya shiga harkar, yana ɗan aike a wurin ɗaukar fim, mai ɗauko kaya da kawo shayi. Daga nan ya yi karatun fim a Newport da ke yankin Wales, sai Jami'ar Westminster, sai Royal College of Art, inda ya yi digiri na biyu. Fim ɗin kammala karatunsa, The Sheep Thief, a Rajasthan ya je ya ɗauke shi da mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba, kuma ya zo na biyu a rukunin ɗalibai a bikin fina-finai na Cannes a 1998.

Masu kallon fim ɗin Indiya sun san fuskar Irrfan Khan, mai manyan idanun nan da ba ya buƙatar dogon zance. Kafin duniya ta san shi, ya daɗe yana fama da ƙananan wasannin talabijin, har ya fara tunanin ajiye sana'ar. Kapadia ne ya ba shi jagorancin The Warrior a 2001, labarin wani barden mai gari a hamadar Rajasthan da ya gaji da zubar da jini, ya yar da takobi ya nufi duwatsun Himalaya, tsofaffin abokan aikinsa na biye da shi. Da harshen Hindi aka yi shi, amma magana kaɗan ce a ciki, babu rawa babu waƙar soyayya; rairayi da fuska da shiru ne ke ɗauke da labarin. Fim ɗin ya ci kyautar BAFTA ta gwarzon fim ɗin Birtaniya a 2003. Da aka tura shi Oscar a rukunin fina-finan harsunan waje, sai masu kyautar suka mayar da shi, wai Hindi ba harshen Birtaniya ba ne. Ɗan Hackney ya yi fim da harshen da ake ji a titunan Landan kullum, aka ce masa bai cika ɗan gida ba.

Abin da ya biyo baya bai yi armashi ba. Ya je Amurka ya yi The Return a 2006, fim ɗin ban tsoro da Sarah Michelle Gellar, kasuwa ta ƙi shi, masu sharhi ma suka ƙi shi. Ya tafi can ƙuryar arewacin duniya, cikin ƙanƙara, ya yi Far North a 2007 da Michelle Yeoh da Sean Bean, mutane kaɗan suka kalla. A wannan hali yake aka kawo masa tayin fim a kan direban tseren mota.

Ayrton Senna ɗan Brazil ne, ya zama zakaran tseren Formula One na duniya sau uku, a 1988 da 1990 da 1991, ya mutu a kan titin tsere na Imola a Italiya ranar 1 ga Mayu 1994 yana da shekara 34. Furodusa James Gay-Rees da marubuci Manish Pandey sun riga sun shawo kan iyalinsa, Bernie Ecclestone mai riƙe da ragamar tseren a lokacin kuma ya buɗe musu rumbun ajiyar hotunansa. Shirin farko shi ne a yi yadda aka saba, tsofaffin direbobi a kujera suna tuna baya. Da Kapadia ya zauna ya fara kallon kaset ɗin, sai ya ga abin da ya fi haka. Senna mutum ne da kyamara ba ta taɓa rabuwa da shi ba: akwai ta cikin motarsa, akwai ta garejin gyara, akwai ta jirgi mai saukar ungulu a sama, akwai ta 'yan talabijin na Brazil da na Japan da ke bin sa duk inda ya sa ƙafa, har da ta ɗakin taron direbobi inda yake sa-in-sa da shugaban hukumar tseren, Jean-Marie Balestre. Wanda ya koyi ba da labari da hoto a The Warrior ya gane cewa an riga an ɗaukar masa fim ɗin, daga kusurwa goma, saura haɗawa. Ya sha fama kafin masu kuɗin su yarda.

Wurin da dabarar ta fi nuna kanta shi ne tseren Brazil na 24 ga Maris 1991. Senna bai taɓa yin nasara a gida ba. Yana kan gaba, sai giyar motar ta fara lalacewa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage masa ta shida kaɗai, ga yayyafi ya fara sauka, ga Riccardo Patrese na matsowa a baya. Ya ƙarasa a haka. Da ya tsallake layin ƙarshe sai aka ji shi ta rediyon motar yana kururuwa, ba a bambance murna da azaba. Kafaɗunsa sun sandare, sai da aka ciro shi daga motar. Mahaifinsa ya zo zai rungume shi, ya roƙe shi ya taɓa shi a hankali. A kan dandamali ya kama kofin zai ɗaga, hannun ya ƙi, ya sake gwadawa, ya ɗaga shi da ƙyar na ɗan lokaci. Babu wanda ya fito ya yi wa mai kallo bayanin cewa wannan mutum mai naci ne. An gani.

Haka aka bi da kwana ukun Imola. Ranar Juma'a Rubens Barrichello ya yi mummunan haɗari ya tsira. Ranar Asabar Roland Ratzenberger ya mutu, kyamara kuma ta kama fuskar Senna yana kallon allon gareji, ya kau da kai. Likitan tseren, Sid Watkins, ya ba shi shawara ya bar abin haka su tafi kamun kifi, ya ce ba zai iya ba. Ranar Lahadi mai kallo na zaune tare da shi a cikin motar, titi na gudu a gabansa, har zuwa kwanar Tamburello. Fim ɗin ya ci BAFTA biyu a 2012, ta dokumentari da ta editin, ya kuma ja mutanen da ba su taɓa damuwa da tseren mota ba zuwa sinima.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Alain Prost, Bafaranshen da ya kasance babban abokin hamayyar Senna, ya fito a fim ɗin kamar mugun labari, mai wayo da kusanci da masu mulki. Ya yi ƙorafin cewa an taƙaita sulhun da suka yi a watannin ƙarshe, lokacin da Senna ke kiransa a waya suna doguwar hira. Prost na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar. Ƙorafin nasa yana da tushe, kuma irinsa zai sake tasowa.

Kamfanin waƙa na Universal ne ya nemi a yi fim a kan Amy Winehouse, bayan rasuwarta ranar 23 ga Yuli 2011 sakamakon barasar da ta yi wa jininta yawa. Wannan karon babu rumbun ajiya guda da za a buɗe. Abin da ake da shi mutane ne masu ciwo a zuci, kowa na zargin kowa, babu mai son ganin ɗan jarida. Kapadia ya riƙa gayyatar su ɗaya-ɗaya zuwa wani ƙaramin ɗakin ɗaukar murya, ya ajiye makirfo a tebur, ya rage fitila, babu kyamara ko ɗaya. A cikin duhun nan mutane suka fara magana, wasu suna kuka. Ya yi hira da sama da mutum 100. Manajanta na farko, Nick Shymansky, wanda ya fara aiki da ita tun suna matasa, shi ne ya buɗe kwamfutarsa ya nuna bidiyon da ya riƙa ɗauka a mota da otal lokacin da suke yawon tallata faifanta na farko, Frank, na 2003. Ƙawayenta na yarinta suka biyo da nasu.

Wanda ya san Amy ta shafukan jaridun gulma kawai, ramammiya mai tangaɗi da kwalli ya zubo, zai sha mamakin yarinyar da ke cikin waɗannan bidiyoyi. Mai barkwanci ce, mai kaifin baki, tana kwaikwayon muryoyin mutane, tana kaɗa jita da kanta. Kapadia ya riƙa rubuta baitocinta a kan allo yayin da take rerawa, don mai kallo ya lura cewa ba ƙirƙira take ba, abin da ya same ta jiya take faɗa. Duk abin da ake nema a sani game da mahaifinta da ya bar gida, da Blake Fielder-Civil da ta aura a 2007, da shaye-shayen, ta riga ta faɗa a bainar jama'a, mutane na rawa a kai.

Akwai wani abu da fim ɗin ke yi a hankali, ba tare da sanarwa ba. A farko kyamarar na hannun masoyanta, tana kallon cikinta tana dariya, wani lokaci ta karɓe ta ta ɗauki kanta. Bayan faifan Back to Black na 2006 ya game duniya, sai kyamarar ta koma hannun baƙi. Ta buɗe ƙofar gidanta, fitilun masu hoto su yi ta walƙiya kamar ana harbi, ta sunkuyar da kai ta kutsa. Masu barkwancin talabijin a Ingila da Amurka suna mayar da ciwonta abin dariya, jama'ar ɗakin na tafi. Mai kallon da ya fara a matsayin aboki sai ya tsinci kansa a cikin taron da ke leƙe.

A daren Grammy na Fabrairun 2008 ba ta je Amurka ba saboda matsalar biza, daga Landan aka haɗa ta ta tauraron ɗan Adam. Ta ci kyauta biyar. Lokacin da Tony Bennett, mawaƙin da ta taso tana ji a gidansu, ya fito zai karanta sunan wanda ya yi nasara, ta tsaya baki buɗe kamar ƙaramar yarinya. A lokacin ta ɗan rabu da ƙwaya. Ana cikin wannan murna sai muryar ƙawarta ta shigo, tana ba da labarin yadda Amy ta ja ta gefe a daren ta ce mata duk wannan ba ya mata daɗi in babu ƙwaya. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Belgrade, Yunin 2011, inda aka kai ta filin jirgi tana barci, aka tsayar da ita gaban dubban mutane, ta rungume kanta ta ƙi yin waƙa, suna mata ihu. Bayan mako biyar ta rasu.

Mahaifinta, Mitch Winehouse, ya yi tir da fim ɗin. An nuna shi ya isa tsibirin Saint Lucia, inda ta je hutawa, da tawagar masu ɗaukar shirin talabijin a bayansa. An kuma ji shi yana cewa 'yarsa ba ta buƙatar zuwa gidan gyaran masu shaye-shaye, maganar da ita ce tushen shahararriyar waƙarta Rehab. Shi kuwa ya ce abin da ya faɗa shi ne ba ta buƙata a wancan lokacin, wato 2005, aka yanke ƙarshen jimlar. Masu fim ɗin sun tsaya a kan cewa abin da suka nuna shi ne abin da bincikensu ya gano. Ko wane ne mai gaskiya, a nan ne raunin dabarar Kapadia yake. Da yake ba a ganin mai tambaya, ba a jin mai sharhi, sai mai kallo ya ɗauka babu hannun kowa, gaskiya ce tsirara. Alhali hannun na nan, a ɗakin editin, inda shi da editansa Chris King ke zaɓar minti 128 daga dubban sa'o'i. Ga kuma abin da ba a cika son faɗa ba: fim ɗin da ke tuhumar masu farautar hoto, da hotunansu ya gina rabinsa na biyu, kamfanin da ya sayar da faifanta kuma shi ya biya kuɗin aikin. Duk da haka, wanda ya kalle shi da wuya ya sake yi wa mawaƙin da ke tangaɗi a dandamali dariya. Ban da Oscar, fim ɗin ya ci BAFTA da Grammy, ya kuma kafa tarihin ciniki a tsakanin fina-finan dokumentari na Birtaniya.

Na ukun ya zo da matsalar da biyun farko ba su da ita: mai labarin na raye, kuma Maradona ne. Tun farkon shekarun 1980 wakilinsa na farko, Jorge Cyterszpiler, ya ɗauki masu kyamara biyu su riƙa bin sa, da niyyar yin fim ɗin da ba a taɓa yi ba. Kaset ɗin, kimanin sa'a 500, suka rabu biyu, wasu a Italiya, wasu a cikin akwati a gidan tsohuwar matarsa Claudia a Buenos Aires. Kapadia ya tattaro su, ya je Dubai ya ɗauki muryar Maradona a gidansa, sannan ya yanke shawarar da ta ceci fim ɗin: ba zai bi rayuwar duka ba, shekara bakwai na Napoli kawai zai riƙe.

Fim ɗin ya buɗe da ƙananan motoci suna gudu a titunan Napoli ranar 5 ga Yuli 1984, kamar 'yan fashi sun tsere, har suka shige ƙarƙashin filin San Paolo inda sama da mutum 70,000 ke jira. Tambayar farko a taron manema labarai a kan Camorra ce, ƙungiyar 'yan daban birnin, shugaban kulob ɗin ya fusata ya kori mai tambayar. Napoli birni ne na kudu da 'yan arewacin Italiya ke rainawa, suna ɗaga kyallaye a filin wasa suna kiran mutanensa ƙazamai masu kwalara. Yaron da ya tashi a unguwar marasa galihu ta Villa Fiorito ya gane wannan raini tun kafin a fassara masa. Ya ba su kofin Serie A na farko a tarihinsu a 1987, kofin UEFA a 1989, wani Serie A a 1990. Suka liƙa hotonsa kusa da na waliyyansu, suka hana shi sakat, ko titi ba ya iya takawa, 'yan Camorra kuma suka zama masu kawo masa hodar ibilis. Mai horar da jikinsa, Fernando Signorini, shi ya ba fim ɗin ƙashin bayansa, da ya raba mutumin biyu: Diego, yaro mai kunya da rauni, da Maradona, rigar ƙarfen da yaron ya saka don ya iya rayuwa.

Sai gasar cin kofin duniya ta 1990, wadda Kamaru ta buɗe da doke Ajantina da ci ɗaya, ta haɗa Ajantina da Italiya a wasan kusa da na ƙarshe, kuma a Napoli. Maradona ya tuna wa mutanen birnin yadda sauran ƙasar ke ɗaukar su, ya ci nasa bugun fenareti, Italiya ta fita. Daga ranar aka janye masa rumfa. A Maris 1991 gwaji ya nuna hodar a jikinsa, aka dakatar da shi wata 15, ya bar birnin cikin dare kusan shi kaɗai. 'Yan Najeriya da ke tuna wasan 25 ga Yuni 1994, wanda Samson Siasia ya fara ci kafin Caniggia ya rama biyu, aka kuma riƙo hannun Maradona zuwa gwajin da ya kawo ƙarshen wasansa a tawagar ƙasar Ajantina, ba za su sami wannan babi da faɗi a fim ɗin ba. Napoli kuwa ba ta sake ɗaga Serie A ba sai 2023, da ƙwallayen Victor Osimhen, a filin da yanzu ke ɗauke da sunan Maradona.

Shi gogan, Maradona, bai je Cannes ba lokacin da aka fara nuna fim ɗin a 2019. Ya ga allon talla da aka kira shi ɗan damfara a tsakanin wasu kalmomin yabo, ya fusata, ya ce kada mutane su je kallo. Ya rasu ranar 25 ga Nuwamba 2020.

Tsakanin waɗannan da bayansu Kapadia bai zauna wuri ɗaya ba. Ya yi Ali and Nino a Azarbaijan, ya ba da umarnin kashi biyu na shirin Mindhunter, ya jagoranci jerin shirye-shirye a kan waƙoƙin shekarar 1971, ya yi fim a kan kwanaki 12 na ƙarshen wasan tanis na Roger Federer. A 2024 ya fito da 2073, inda ya haɗa hotunan labarai na gaske da wasan Samantha Morton don nuna duniyar da mulkin kama-karya da leƙen asirin na'ura suka cinye. Masu sharhi sun rabu a kansa, da dama sun ce wa'azin ya fi fim ɗin yawa. A lokacin tallata shi ne ya ba da labarin yadda wani direban tasi a New York ya kai ƙararsa don ya gan shi yana ɗaukar hotuna bayan harin 11 ga Satumba, abin da ya sa ya shafe shekaru ana tsare shi ana bincike a filayen jirgin Amurka.

A 2025 ya koma ga tsohuwar hanyarsa, da mutumin da ya fi kusa da zuciyarsa. Tun yana yaro a Hackney Liverpool yake goyon baya, kuma gwarzonsa Kenny Dalglish ne, ɗan wasan da ya zama kocin kulob ɗin, wanda bayan turmutsitsin Hillsborough na 1989, da ya ci rai 97, ya riƙa bin jana'izar magoya baya ɗaya bayan ɗaya, har huɗu a rana guda. Dalglish, wanda aka sani da rowar magana ga 'yan jarida, ya zauna gaban makirfo ya ba da labarin da bakinsa, tsofaffin kaset na tafiya a kan allo.